Tabar Ƙasan Rijiya

Shekaranjiya ina zaune a ƙofar gida sai ga ku ku huɗu, kowa da sabon shebur a kafaɗa, wai kun sami aikin haƙa rijiya a bayan kasuwa, kun zo in sa muku albarka. Na tambayi babbanku me ya sani a harkar. Ya ce, "Baba, ai ba wani abu ba ne. Rami ne, a yi ta tono har a tarar da ruwa." Madalla da wannan ilimi. Ashe shekara ashirin da 'yan kai da na yi ina sauka ina hawa tsakanin Gaya da Ajingi ɓata lokaci na yi, da na sani da gafiya na ɗauka haya ta riƙa yi mini. Na shiga gida na ɗauko wa kowannenku kwalin ashana, na ce ku dawo yau. Na gan ku kuna zungurin juna, wato tsufa ya fara taɓa kan Audu Mai Rijiya. To ku zauna, ku aje shebur ɗin, ba wanda zai sace.

Rijiyar farko da na sa wa hannu a Balan take, ina ƙarƙashin maigidana Baba Tanimu, Allah ya jiƙansa. Na ce na sa hannu, amma a igiya na sa shi. Shekara uku ban ga ƙasan rijiya ba sai daga sama. Aikina in ja kwandon ƙasa, in zubar can nesa da baki, in mayar, in kuma riƙe igiyar da ran mutum ke rataye a jikinta. In na ƙasa ya girgiza ta sau ɗaya, a ja kwando. Sau biyu, a dakata. Sau uku, a jawo shi, kuma ba a tambayar dalili sai ya fito. Kayan aikin duka jaki ɗaya ke ɗauka: dagi, diga mai gajeriyar ƙota, ƙaramin shebur, kwando biyu, igiyar rama mai kauri, ɗamarar fata da mai sauka ke ɗaurawa a ƙugu a ƙulla igiya a jikinta, ƙugiya mai baki huɗu ta ciro gugan da ya faɗa, madubi, da fitilar ƙwai. Madubin ba na kallon fuska ba ne, don fuskar mahaƙin rijiya ba abin kallo ba ce. Da shi ake taro hasken rana a jefa shi har ƙasa. Ku kuwa kun sayo shebur huɗu masu doguwar ƙota. Ina son in ga yadda za ku juya su a ramin da faɗinsa bai wuce kamu biyu da rabi ba.

Duk kwandon da na jawo sai Baba Tanimu ya tambaye ni me na gani. In na ce ƙasa, ya ce ashe ina da ido. Daga baya na gane. Rairayin sama ba shi da amana, sai an tokare shi. Marmara tana cin bakin dagi tana sa tafin hannu ya yi kanta, amma ita ce mai riƙe kanta. Yumɓu mai sanyi yana nufin ka kusa. Farin yashi mai gudu kuwa, in ka same shi ka fara salati, shi ke zubowa ya binne mutum a tsaye. Kowace safiya kafin a sa dagi sai a sako dutse a zare daga tsakiyar baki, a ga ko rijiya ta fara karkacewa. In ta karkace, guga zai yi ta dukan bango shekara hamsin, duk matar da ta zo ɗiba sai ta ambaci sunanka, kuma ba da addu'a ba.

Akwai wata tsohuwar rijiya a gidan wani mahauci nan cikin Gaya da aka kira mu mu yashe. Ta shekara biyu a rufe da zana tun da akuya ta faɗa ciki. Lokacin an fara barina ina sauka, ina ji da kaina, har na ɗaura ɗamara. Baba Tanimu ya ce in dakata. Ya kunna fitila da rana tsaka, ya ɗaura mata zare, ya riƙa sakinta a hankali. A gaba uku tana ci. A gaba biyar harshen wutar ya ƙanƙance. Kafin gaba shida ta mutu, ba wanda ya hura ta, ba ruwan da ya taɓa ta.

Ya ce, "Ka gani? Inda wuta ba ta rayu ba, kai ma ba za ka rayu ba. Mutanen gari za su ce aljanu ne, ƙyale su. Muguwar iska ce ke kwanciya a ƙasa, ba wari, ba launi. Numfashi uku ka yi barci."

Ya sa aka saro rassan darbejiya masu ganye, aka ɗaure su dami guda, muka yi ta saukarwa muna fizgowa har kafaɗuna suka mutu. Sai da fitila ta kai ƙasa tana ci sannan ya bar ni na sauka. Ilimin ke nan gaba ɗayansa, babu laya babu turare, kuma a gaban mahaucin da matansa ya yi shi.

Baba ya rasu wajen shekarar da aka sami mulkin kai, kayan aiki suka dawo hannuna. Kafin nan na riga na koyi shan sigari wurin leburorin hanya, kuma na koya da kyau, fiye da yadda na koyi karatun allo. Wata rana aka kira ni yasa a gidan Alhaji Mamuda mai sayen gyaɗa. A hanya jaki ya yi tuntuɓe, ƙwan fitila ya fashe. Ga shi na riga na ci tuwon mutane, ba halin in ce sai gobe. Sai na sa karan taba a baki ban kunna ba, na ce a sauke ni a hankali. Duk gaba biyu sai in girgiza igiya a dakata, in ƙyasta ashana, in kalli wutar tsinken. In ta tashi tsaye ta ci har kusa da yatsa, in ce a ci gaba. A ƙasa na sake ƙyastawa, ta ci lafiya lau. Sai na kunna tabata, na kwance igiya daga ɗamara don kada ta sarƙe ni, na kama aiki. Alhaji ya leƙo ya ga hayaƙi na tasowa daga rijiyarsa.

"Kai Audu! Taba a rijiyar da muke alwala?"

Da na faɗi gaskiya a ranar, da ba ku ji wannan labari ba. Amma na ɗaga kai na ce, "Alhaji, ai magani ne. Hayaƙin nan shi ke kashe dafin rijiya. Ba don shi ba da tuni gawa kuke cirowa."

Can sai na jiyo shi yana cewa a ruga kanti a sayo kwali guda, kada ta yanke mini a ƙasa.

Daga ranar fitila ta koma ɗakin matata Hajara. Fitila kowa na ganinta, kowane rago mai kananzir zai kwaikwaya gobe ya ce shi ma mahaƙi ne. Tsinken ashana kuwa a cikin duhu nake ƙyasta shi, daga ni sai Allah. Ga kuma taba ta zama kyauta. Kafin shekara uku al'ada ta kafu daga Gaya har ƙauyukan Ajingi: duk mai son a taɓa masa rijiya, ban da lada da tuwo, sai ya aje kwalin taba a bakinta. Wani liman ya yi mini wa'azi a kan taba ranar Juma'a, ranar Lahadi gefen rijiyarsa ya rufta, ya aiko da kwali a naɗe cikin tsumma. Wani Ardo ya kawo biyu, ya ce rijiyar shanu ta fi ta mutane dafi, ban musa masa ba. Wata tsohuwa a Balan ta rantse tun da na busa wa rijiyarta hayaƙi kokonta ya daina saurin tsami. Na ce haka yake, Inna, ba ke kaɗai ba. Wani mutum ya gwada kwaikwayona, ya shiga wata tsohuwar rijiya da taba a baki, aka jawo shi da ƙyar, ya bar sana'ar. Mutane suka ce sirrin a bakin Audu yake. Na je masa dubiya da goro, na yi masa sannu, ban ƙara komai a kai ba.

A wata rijiya da muka haƙa a gefen Ajingi na fara aiki da Ɗanjuma, ɗan yayata Asabe. Ita ta kawo mini shi da hannunta, ya riga ya zama saurayi, ta ce, "Audu, ga amana." Mutum ne mai ƙarfi, marar surutu, ko goro ba ya ci balle taba. Wata rana farin yashi ya zubo mini har gwiwa, na girgiza igiya sau uku, kafin in rufe baki na gan ni a sama, tafin hannunsa duk ya saɓule. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe mini igiya. Ya yi aure, ya haifi uku, yana riƙe da ita. Na koya masa ƙasa, na koya masa zare da dutse, sababbin rijiyoyi ma shi ke sauka. Amma tsohuwar rijiya, wadda ta daɗe a rufe, ni ke fara shiga da tabata. Sau ɗaya tak ya taɓa tambayata.

"Kawu, me ya sa kake sa a dakata duk gaba biyu?"

Na ce, "Addu'a nake yi. Lokacinka bai yi ba."

Ya ce, "To, Kawu." Bai sake tambaya ba. Irin mutanen da ake wa ƙarya cikin sauƙi ke nan, masu ladabi.

Sai shekarun fari suka zo. Ku da kuka tashi kuka tarar da tuƙa-tuƙa ba za ku gane ba. Damina ta yi rowa sau biyu a jere, gero ya tsaya iya gwiwa, rijiyoyi suka janye ɗaya bayan ɗaya, mata na kwana biyu ba su ga ruwan wanki ba. Muguwar shekara ga kowa, ni kuwa aiki har ya fi ƙarfina, kwalayen taba har a ƙarƙashin gado. A tsakiyar wannan kakar tawa ƙafafuna suka fara kumbura. Ciki ya biyo baya. Ni da nake hawa gaba goma sha biyar ina waƙa, sai ga ni ina hutawa sau biyu tsakanin gida da masallaci. Na sha saiwa, na sha rubutu, na ƙara taba don in ji ƙarfi. Shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira aka kwashe ni zuwa Kano. Wani ɗan garinmu mai aikin gwamnati ya tsaya tsayin daka har aka tura ni wani babban asibiti a kudu, a jirgin ƙasa, Ɗanjuma na riƙe da ni kamar buhun da ake tsoron ya fashe.

Likitan can ba ya jin Hausa, wani ma'aikaci ke fassara. Ya ce fatar da ta lulluɓe zuciyata ta bushe ta ƙame, ta matse ta, ba ta da wurin motsi. Suka sa ni barci, suka tsaga ƙirjin nan daga nan zuwa nan, suka ɓare abin da za su ɓare, suka ɗinke. Da na farfaɗo na ce wa mai fassara ya gaya masa ashe abokin sana'ata ne, shi ma sai ya tona yake tararwa. Bambancinmu ɗaya na lura da shi. Kullum safiya sai ya zo da ɗalibai wajen shida, ya buɗe ƙirjina yana nuna musu komai, yana maimaitawa, har da zane a takarda. Na ce a raina wannan bai iya sana'a ba, nan da shekara biyar za su ƙwace masa kasuwa.

Ranar sallama ya lissafa mini dokoki: ba taba, ba ɗaukar nauyi, ba gishiri sosai, ba shiga rijiya har abada. Na ce a tambaye shi to me ya rage mini. Ya ce numfashi.

Zaman gida shi ne aikin da ba wanda ya koya mini. Hajara ta zama ɗan doka. In na dawo daga masallaci sai ta matso kamar za ta karɓi buta, alhali shinshina ni take yi. Kwalayen ƙarƙashin gado ta tattara ta ba ƙaninta, ya sha rabonsa da nawa, yana zuwa yi mini sannu yana wari. Miya ta zama ruwan ɗumi mai kore. Na ci goro har haƙora suka rine, na tauna asuwaki har dasashi ya yi ciwo, hannuna kuwa shi kaɗai yake tafiya bayan kunne yana neman kara. Masu dubiya kowa da labarin wani da aka yi wa aiki ya mutu bayan wata shida, sannan a ce Allah ya ƙara sauƙi. Tsofaffin gindin tsamiya masu dara, waɗanda a da nake wucewa ina musu kallon marasa aikin yi, suka matsa suka ba ni wuri, har da tabarma. Abin da kawai ya rage mini kwalin ashana. In abin ya motsa sai in ƙyasta tsinke in shaƙi warin, in kalli wutar har ta mutu. Hajara ta ce ita ba ta taɓa ganin mutumin da ya bar taba ya koma shan ashana ba.

Kayan aiki na ba Ɗanjuma, amma na ce masa aro ne kafin in warware. Shi ya san ba zan warware ba, ni ma na sani, ya ce, "To, Kawu." Sau nawa yana zuwa gaishe ni maganar na zuwa mini har baki. Amma in na faɗa, na sallama sana'ar ke nan, kuma na amsa cewa shekara goma sha uku ina shan tabar mutane a kan ƙarya. Sai in ce bari sai wani zuwan. Ai sababbin rijiyoyi yake haƙa, ba abin da zai same shi.

Wata takwas da dawowata, wani Malam Habu daga Gafasa ya biyo gaishe ni bayan la'asar, zai kwana a Gaya. Yana cikin hira ya ce, "Ai magajinka ya gaje ka, Malam Audu. Tsohuwar rijiyar unguwarmu za a buɗe, sauran duk sun ƙafe. Gobe da hantsi zai shiga. Mun haɗa masa kwalinsa. Jiya ma na gan shi yana gwaji, ya kunna a sama yana ta tari, abin tausayi."

Na ce, "A sama ya kunna?"

Ya ce, "To a ina ake kunnawa?"

Na san rijiyar. Shekara shida kafin nan na shige ta, a gaba takwas tsinke uku na ƙyasta suna mutuwa, na girgiza igiya aka fito da ni, na ce wa mutanen dafinta ya fi ƙarfin kwali ɗaya, suka rufe ta. Taba kuwa in an kunna ta a sama ana zuƙa, ci za ta yi ta yi a inda wutar ashana ba za ta tashi ba. Ba ta gaya wa mutum komai.

Babu mota sai safiya. Da sassafe ina sa riga Hajara ta tare ƙofa. "Malam, likita ya ce..."

Na ce, "Likita ya ce kada in shiga rijiya, bai ce kada in shiga mota ba."

Motar kasuwa ta sauke mu a mararraba, sauran hanyar a bayan keken aro, Malam Habu na tuƙi, kowane rami sai na ji shi a ɗinkin ƙirjina. Muna isa na hango taro, na hango siririn hayaƙi na fitowa daga bakin rijiya. Isa, abokin aikin Ɗanjuma, shi ke kan igiya. Na ture mutane na leƙa na ƙwala kira.

Daga ƙasa na ji, "Kawu? Kai ne? Na iso lafi..."

Shi ke nan. Na ce, "Isa, ja!" Ya ja, igiya ta taho ba nauyi. Ɗanjuma ya kwance ta daga ɗamara yana isa ƙasa, yadda ya ga ina yi shekara goma sha ɗaya. Bai san ni sai tsinke ya ci a ƙasa nake kwancewa ba.

Isa ya fara ɗaura igiyar a ƙugunsa zai bi shi. Na sa sandata na maka masa a ƙwauri, na ce in ya sauka gawa biyu za mu ciro. Sai na ji mai unguwa na ihu, "A ƙara taba! Dafin ne ya yi yawa, a ƙara taba!" Kafin in juya an yage kwali, dattawa huɗu sun durƙusa a bakin rijiya, waɗanda ba su taɓa sa taba a baki ba, suna zuƙa suna tari suna hura hayaƙi a kan mutumin da ke neman numfashi. Ɗaya ya miƙo mini kara a kunne. "Malam Audu, bakinka ne mai sirrin, hura masa!" Wata takwas ina mafarkin karan nan. Na buge shi daga hannunsa.

Na ce, "Ku tashi daga nan! A karyo darbejiya! Mata, madubi!"

Allah ya sa akwai darbejiya a gefe. Majiya ƙarfi suka karyo rassa, aka ɗaure, mutum uku suka yi ta saukarwa suna fizgowa da gudu. Wata mata ta kawo madubin ɗakinta, na nuna wa Malam Habu yadda zai tari rana. Haske ya faɗa ƙasa, sai ga Ɗanjuma a kife a jikin bango, tabar na gefensa tana ci abinta. Na ce a janye ganye, a ba ni ƙugiya. Likita ya hana ni nauyi, amma ƙugiya ba ƙarfi take so ba, yatsa take so, kuma guga nawa na ciro da ita a rayuwata ban san iyaka ba. Na kwanta rub da ciki a kan ɗinkin, na saki igiyar ƙugiyar. Karo na farko ta kamo rigarsa, rigar ta yage. Na biyu ta zame. Na uku na ji ta shiga ƙarƙashin ɗamara, na ɗan ja, ta riƙe. Na miƙa wa Isa igiyar na ce a hankali, kada a fizga. Mutum biyar suka ja. Ya fito a lanƙwashe, leɓensa sun yi baƙi, baki ɗaya na ƙugiyar ya shige naman ƙugunsa. Har yau tabon na nan.

Aka kwantar da shi a inuwa, ana fifita, ana yayyafa ɗan ruwan da wata ta sadaukar daga tulunta. Can ya ja numfashi, ya yi amai, ya buɗe ido. Ya dube ni ya daɗe. Abin da ya fara faɗa shi ne, "Kawu, ka yi haƙuri. Ina jin ban iya zuƙar ba ne."

A rayuwata ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba, kuma ba na fatan in sake ji.

Na ce a kawo fitila. Na ciro kwalin ashanata na kunna ta a gaban kowa, na ɗaura zare na saki. Duk da ganyen da aka kaɗa, a gaba goma ta mutu. Na jawo ta na aje a gaban mai unguwa. Na gaya musu komai: fitilar Baba Tanimu, ƙwan da ya fashe, tsinken da nake ƙyastawa a duhu, da cewa hayaƙin taba bai taɓa kashe dafin komai ba sai na aljihunsu. Wani ya yi salati. Wani ya ce shi dama tun can bai yarda ba, shi ne kuwa wanda ya fi kowa hurawa ɗazu. Mai unguwa ya kalli ragowar kwalin da ke hannunsa, ya rasa inda zai aje shi.

Ɗanjuma na kwance yana ji. Bai yi faɗa ba, da ya yi da na fi jin daɗi. Ya ce, "Kawu, ashe ba addu'a ba ce." Na ce ba ita ba ce. Sai ya ce, "Shekara goma sha ɗaya ina riƙe maka igiya. Ban taɓa saki ba."



Kwana uku aka yi ana kaɗa ganye a rijiyar nan kafin fitila ta kai ƙasa tana ci. Bayan sati biyu Ɗanjuma ya sauka da kansa, ya ƙara mata gaba biyu, ya tarar da ruwa, unguwar ta sha har damina ta faɗi. Al'adar kwali ta mutu a shekarar. Yaya Asabe ta yi wata huɗu ba ta amsa gaisuwata. Ni kuma ban sake sa taba a baki ba, ba don likita ba, ba don Hajara ba. Har gobe in na ji ƙanshinta yawuna na tsinkewa, amma sai in ga dattawan nan huɗu a durƙushe suna tari.

Ɗanjuma ya ci gaba da sana'a, ya fi ni suna. Duk rijiyar da zai shiga sai ya tara mutanen gida ya kunna fitila a gabansu, ya yi bayani kamar likitan nan na kudu, kuma ba wanda ya ƙwace masa kasuwa. Bai taɓa fasa zuwa gaishe ni ba, duk sallah da goronsa, Kawu sama Kawu ƙasa. Sai dai daga ranar nan ta Gafasa bai sake tambayata komai a kan rijiya ba, ko da wasa.

To kun ji. Ashanar da na ba ku ta kunna fitila ce, a sama, da rana, a gaban kowa, kafin ƙafar ɗayanku ta shiga. Ku mayar da shebur ɗin nan a rage musu ƙota. Albarka kuwa, kun ɓata hanya, ba nan ake sa ta ba. Ku bi layin nan har ƙarshe, gida mai darbejiya a ƙofa, za ku ga wani dattijo mai ɗan ɗingishi. Ku ce kawunsa ne ya turo ku. Ku tambaye shi duk abin da kuke so. Shi in an tambaye shi yana faɗa.